Abin da ke riƙe baƙo a ƙaramin shagon gahawa

Ɗan'uwa, ka tambayi dalilin da ya sa mu masu zaman baƙunci a Accra muke manne wa ƙaramin shagon gahawa guda, alhali ga manyan wurare a Accra Mall. Ni dai nawa yana wani lungu ne a unguwar Osu, bayan Oxford Street, kuma abin da ya riƙe ni shi ne an san ni. Baƙo a garin da ake Turanci da Ga da Twi yana kewar a gaishe shi da sunansa. Matar da ke da shagon ta tsinci Hausa a wurin 'yan Nima, unguwar masu jin Hausa a Accra, da na leƙo za ta ce "Malam, sannu da zuwa," ta ɗora ruwa ban ce komai ba. In ta kwana biyu ba ta gan ni ba, sai ta tambayi lafiya.

Sai ita gahawar. A gabanka ake niƙa ta, ƙamshi ya cika ɗakin. Irin robusta ce daga tsaunukan yankin Volta, ta fi irin da ake kira arabica ɗaci da ƙarfi, a ganina kuma ta fi Nescafé na leda nesa ba kusa ba. Ghana ƙasar noman kokon cakulan ce, manoman gahawa kaɗan ne, shi ya sa nake son kuɗina ya kai gare su.

Da tsada kam, kofi ɗaya ya fi kuɗin koko da ƙosai. Ka je da hantsi, lokacin babu cunkoso, ka samu kujera kusa da fanka.