Amsa ga Kawu na Ringim kan Hausarmu ta zangon Kumasi

Kawu, Allah ya ƙara maka lafiya. Ka tambayi dalilin da ya sa in yaranmu suka zo ganin gida sai ka ji Hausarsu a cakuɗe, har mutanen ƙauye suna yi musu dariya suna cewa Gananci.

Aro kam mun yi. Ƙaramar motar haya trotro muke ce mata. Baƙin yajin nan da ake soyawa da busasshen kifi shito ne, daga bakin Ga, mutanen Akra. Ƙullin masara da ake naɗewa a ganye a dafa kuwa dokunu, daga harshen Asante. Abin da ba ka taho da shi daga gida ba, da sunan da ka tarar za ka saye shi a kasuwa.

Sai dai mu ma mun ba su, ba kaɗan ba. Tun zamanin fataucin goro na Gwanja kakanninmu ke sauka a Salaga. Da yaƙin basasa ya watsa garin a 1892, suka bazu zuwa Kete Krachi da Kumasi da Akra, da tukwanensu. Yau shinkafa da wake sunanta waakye a duk faɗin Ghana, waken namu ne suka lanƙwasa. Koko da koose ake karyawa da su, tuwo ya zama tuo zaafi, matan da ke dako a kasuwa kayayei ne: kaya namu, yei na Ga, wato mata. Unguwar baƙi Musulmi kuwa ko'ina zongo ce.

Ku ɗin ma, Kawu, bashin na wuyanku, tsufa kawai ya yi. Agogo da ashana na Yarbawa ne, raƙumi da takobi na Buzaye, kasuwa daga Larabci ta biyo ta Barno. Kai, wannan kawun da nake kiran ka da shi ma na Fulani ne.

Ni ba aron ke damuna ba. Abin da ke damuna shi ne yaro ya ce "Inna ya zo", domin harshen Asante ba ya raba namiji da mace a nan, Hausar zango ma ta bi sahu. Ƙ da ɗ da ɓ sun gudu daga bakinsu, ƙasa da kasa duk ɗaya suke faɗa. Shi ya sa nake so in turo maka 'yar autata da dogon hutu, ta zauna ɗakin Goggo.