Likita bai bari na gama bayani ba, ni kaɗai ke ganin haka?

Hajiya, kin tambaya ko ke kaɗai ce likita ke katse wa magana a asibitocin Yamai, ko kuwa an taɓa bincikar abin. An bincika, ba ke kaɗai ba ce.

A 1984, masu bincike Beckman da Frankel a Amurka sun naɗi hirar likitoci da majinyata, suka tarar ana katse mara lafiya bayan kamar daƙiƙa 18 da fara magana. A 2002 kuma, a birnin Basel na Suwizalan, aka bar mutane su yi bayani ba katsewa: yawancinsu sun gama kafin minti 2. Ke nan tsoron da likitoci ke yi na ɓata lokaci bai da ƙarfi sosai.

Namu ya fi haka nauyi. Littafin da masu bincike Jaffré da Olivier de Sardan suka fitar a 2003 kan manyan birane 5 na Afirka ta Yamma, har da Yamai, ya nuna ƙarancin bayani da rashin tarba mai kyau a wuraren kiwon lafiya. Ga kuma harshe: likita ya yi karatu da Faransanci, tsohuwa ta ce "zuciyata ke ciwo" tana dafa saman ciki, shi ko ya rubuta takardar magani kansa a sunkuye. Layi ma ya yi tsawo, wannan gaskiya ce.

In za ki koma, fara da abin da ya fi damunki, ki faɗi ranar da ya soma. Ki tafi da kwalayen magungunan da kike sha, har na gargajiya. Kafin ki tashi, ki maimaita masa yadda za ki sha maganin, ya gyara miki in kin kuskure.