Abin da ba a kwance shi

Ka tare ni da tambaya ina tsakiyar cin abinci, wai ka gani a waya za a riƙa harba taurarin ɗan'adam gunduwa-gunduwa ana harhaɗa su a sama, har da kwamfutoci a cikinsu, to mu masu ɗaura dish ina makomarmu. Ajiye wayar nan tukuna ka zauna.

Abin da ka gani ba ƙarya ba ne. A watan Mayun 2025 Sin ta harba guda 12 a tashi ɗaya, aikinsu lissafi a can sama, suna miƙa wa juna bayani da hasken leza. Starlink kuwa, mai ba da intanet ta taurarin ɗan'adam, tun Janairun 2023 ya shigo Najeriya. Tsofaffin taurarin da muke saita wa dish suna nisan kusan kilomita 36,000, suna tafiya daidai da juyawar duniya, shi ya sa in ka kamo su sau ɗaya ka ɗaure noti ka gama. Waɗannan sababbin kilomita 550 ne kawai, cikin awa ɗaya da rabi da ɗoriya sun zagaye duniya. Wannan ya wuce, wancan ya karɓa. Saboda haka farantinsu sarari yake so, ba kusurwa ɗaya ba.

Amma maganar gunduwa-gunduwar ce ta sa na ajiye cokali. Ka san NigComSat-1, tauraron sadarwa na Najeriya? An harba shi 2007, a watan Nuwamban 2008 farantan solarsa suka samu matsala, wuta ta ɗauke, duk abin da ke cikinsa ya tafi a banza. Sai Disambar 2011 aka harba madadinsa. Sashe ɗaya ya lalace, amma babu tsanin da zai kai ka can ka canja shi. Abin da masu wannan sabon tsari ke gudu ke nan: batir daban, sola daban, kwamfuta daban, wanda ya mutu a cire a sa wani.

Ni a Ajah na koyi wannan, kuma har gobe in na tuna raina sai ya ɓaci. Wani mai masaukin baƙi ne, bene hawa uku, ɗaki 18. Ya kira ni tun daga Agege saboda an gaya masa aikina ba ya dawowa. Na ce masa, Alhaji, kowace waya za mu zura ta cikin fayif ɗin roba, mu bar akwati a kowane hawa, dish kuma a ɗaure shi da noti. Ya ce fayif ɓarnar kuɗi ne. Ya sa magini ya binne wayoyin tsirara cikin filasta, ya kawo mai walda ya liƙe dish ɗin da ƙarfen, wai saboda ɓarayi. Na faɗa masa sau uku a gaban yaransa cewa iskar gishirin bakin teku tana cin ƙarfe, ruwan Legas kuma ba ya tambaya. Ya ce shi ke biya. Kuskurena ɗaya, ban sa ya rubuta ya sa hannu ba. Na karɓi rabin kuɗi kafin alƙalami, sauran wayar da LNB, na'urar bakin dish mai kama sigina, duk daga aljihuna na saya a kasuwar Alaba.

Ruwan watan Yuni na sauka, ruwa ya bi jikin waya ya shiga bango, hawa na biyu gaba ɗaya ya mutu. Iska kuma ta ɗan gusar da ƙarfen, bai fi faɗin yatsa ba, ga shi an yi walda, ba dama a juya. Na je da niyyar gyara don mutuncina. Mutumin nan ya dubi tsabar idona ya ce ni na ba da shawarar binnewa. Ya hana ni cikon kuɗina, ya sa maigadi ya riƙe mitar sigina tawa, wadda na yi wata bakwai ina adashi kafin na mallake ta. Na kai ƙara wurin dattawan unguwa, suka ce in bar wa Allah. Na bari, amma ban manta ba. Wata biyu ina aron mita kamar ɗan koyo.

Ku kuwa yaran yanzu, kun ga faranti mai saita kansa kun ɗauka aiki ya ƙare. Jiya ma na ga ka naɗe mahaɗar waya da salatif ɗin fakiti. A Legas! Kwamfutar da ke sama tana da nata ciwon kan, babu iska a can da za ta kwashe mata zafi, sai an yi mata manyan fikafikan fitar da shi, wannan na injiniyoyinsu ne. Amma duk lissafin da ta yi, ta rufin wani zai sauko, ya bi waya ya ratsa bango, kuma hannun mutum ne zai huda bangon.

Kada ka tambaye ni yadda ake kama kan waya ko inda gabas take, wanda ya shekara a shagona bai san wannan ba ya koma gida. Gobe muna da aiki a Idi-Araba. Ka riga ni hawa rufin, ka duba tankin ruwa da benen maƙwabci, ka auna fayif ɗin da za mu saya. In mai gidan ya ce a binne waya, kada ka yi musu da shi, ka kira ni in zo da takarda da biro.