Amsa kan fayil ɗin DAA da ya ƙi buɗuwa

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Wannan amsa ce ga ƙanena na Argungu, wanda ya ce wani malami ya kawo masa filas a shago ɗauke da littattafan da aka kwafo daga wani tsohon faifan CD, amma sunan fayil ɗin ya ƙare da DAA, kwamfuta ta ƙi buɗe shi, kuma an ba shi shawarar ya sayi manhaja.

Ƙanena, kada ka yi gaggawar fitar da kuɗinka. Abin da ke hannunka kwafin faifai ne sukutum da aka dunƙule cikin fayil guda, kuma tsarin da kowa ya amince da shi wajen wannan aiki shi ne ISO, wanda ya samo sunansa daga ƙa'idar ISO 9660 ta shekarar 1988. Tun daga Windows 8, da ta fito a 2012, danna shi sau biyu kawai za ka yi ya bayyana tamkar ka saka faifai. To amma kamfanoni da dama kowa ya ƙirƙiro nasa: DAA na PowerISO ne, UIF na MagicISO, NRG na Nero, MDF da MDS na Alcohol 120%, ISZ kuwa na UltraISO. Hujjar wasunsu ita ce suna matse fayil ya ragu, ko su sa masa kalmar sirri, alhali manhajar 7-Zip tana yin duka biyun kyauta tun da jimawa.

Ni kaina na sha wannan wahala a nan Birnin Kebbi. Akwai lokacin da na tara faya-fayan bikin aure da na walimar sauka da mutane suka ba ni amana, na adana su da tsarin wata manhaja don kawai in rage cin wuri. Bayan shekaru kwamfutar ta mutu, wata baiwar Allah ta zo daga Jega neman bidiyon auren 'yarta saboda faifanta ya karce, ta zauna a benci tana fifita da gefen mayafi, ni kuma ina kallon fayil ɗin da idona amma ba halin buɗewa, domin manhajar ta ce sai na biya da dala. Kayanka, a ɗakinka, amma makulli yana aljihun wani. Ranar na ji kunya ƙwarai.

Ga abin da za ka yi. Akwai wata 'yar ƙaramar manhaja mai suna daa2iso, wadda wani ɗan Italiya, Luigi Auriemma, ya rubuta ya sake ta kyauta, kuma aikinta ɗaya ne tak: ka nuna mata fayil ɗin DAA, ka faɗa mata inda za ta ajiye, ta fitar maka da ISO. Ba ta da nauyin da zai cinye maka data. Yana da wata mai suna uif2iso don fayilolin UIF. Idan NRG ko MDF suka faɗo maka, WinCDEmu tana buɗe su kyauta kamar an saka faifai, sai ka kwashe abin da ke ciki. Ka tanadi wuri kafin ka fara, domin DAA a matse yake, idan ya warware yana iya kaiwa megabait 700 in daga CD ne, ko gigabait 4.7 in daga DVD ne, kuma filas ɗin da aka tsara da FAT32, wato tsohon tsarin ajiyar fayiloli, ba ya karɓar fayil guda da ya kai gigabait 4.

Sai dai a yi wa ISO adalci, shi ma yana da iyaka. Ba ya ɗaukar faifan sauti na asali, irin wanda ake sakawa a rediyon mota mai waƙoƙi ko karatu a jere, saboda haka wannan sai a adana shi a fayiloli biyu, BIN da CUE, kuma a kula kada a raba su, domin ƙaramin fayil ɗin CUE shi ke nuna inda kowane karatu ya fara.

Ina roƙonka ka guji manhajojin kuɗi da aka fasa makullinsu da ake yawo da su a filas daga shago zuwa shago, domin da yawansu suna tafe da ƙwayoyin cutar kwamfuta, kuma takardun jama'a ne ke cikin na'urarka. Idan ka gama juyawa, ka buɗe ISO ɗin ka tabbatar littattafan malam sun cika kafin ka goge na farkon. In kuwa fayil ɗin DAA ya nemi kalmar sirri, ka koma wurin malam ya tambayi wanda ya kwafa masa, sannan ka sanar da mu a nan.