Ajiye takardar tambayoyin nan tukuna

Ɗana, ka tambaye ni ko ka raba takardar tambayoyi ga ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a Samaru da Kongo domin aikin digirinka na digirgir kan yadda mutum yake zama ɗan dandatsa, wato mai kutse cikin kwamfutar wasu, ko akwai hanyar da ta fi. Shawarata, ajiye ta tukuna. Wanda ya iya kutse da gaske, in ya ga tambayar "ka taɓa shiga kwamfutar wani?" zai zaɓi a'a ya miƙo maka. Mai cika baki ne zai zaɓi e. Sai ka gama lissafinka tsaf, alhali masu cika baki ka ƙirga.

Fara tantance wa kake nema. Mai kiran tsohuwa ya ce daga banki yake, ya karɓe lambar sirrinta, ɗan damfara ne, bakinsa ne jarinsa. Akwai mai sayen manhajar da wani ya haɗa, ya danna kawai. Akwai kuma mai zama ya karanci tsari har ya gano ɓarakarsa, kuma cikin irin waɗannan wasu bankuna ke biya su gwada musu tsaro da izini. Waɗannan na ƙarshe, mai izini da marar izini, tafiyarsu ɗaya ce har zuwa wata mararraba. A ganina digirinka yana daidai wannan mararrabar, don haka dole ka ji ta bakin ɓangarorin biyu.

In ka zauna da mutum, kada ka ce masa "me ya sa?" Zai ce talauci, ko rashin aikin yi, amsar da ya saba bai wa kowa. Ka ce masa "yaya aka yi?" Kwamfutar wa ka fara taɓawa? A gida ko a kafe? Wa ya fara nuna maka? Me ka fara buɗewa, wa ka fara gaya wa? Haka masanin zamantakewa Howard Becker ya yi a Amurka: ya yi hira da mashaya wiwi 50, ya fitar da sakamakon a 1953, ya nuna cewa abin koyonsa ake yi daga wasu, mataki bayan mataki. Kafin shi Edwin Sutherland ya ce laifi ma a wajen abokan zama ake koyonsa, dabarar da kuma hujjar da mutum zai kare kansa da ita.

Ka duba bencinmu na gyaran waya ma. Yaro ya fara da canza gilashi da jona wayar caji. Ya kai ga cire makullin wayar da mai ita ya manta lambarsa, ya zo da kwali da rasit. Ran nan sai wani ya shigo da waya ba kwali ba rasit, a fuskarta hoton wata mata da jaririnta, yana ta waige, ya ce zai ninka kuɗin aiki. Hannun yaron ya riga ya iya. Abin da maigidansa ya ce a wannan ranar, ko shirun da ya yi, da abin da abokansa suka ce da dare a majalisa, shi ne abin da nake so ka tono a rayuwar kowane mutum da za ka yi hira da shi. Wannan ba ya shiga akwatin e ko a'a. Jean Lave ta zauna da teloli a Monrobiya ta ga yaron shago da guga da ɗinkin maɓalli yake farawa, yanka ne ƙarshe. Daga irin wannan ita da Etienne Wenger suka gina bayaninsu na 1991 kan koyo daga gefe zuwa tsakiya. Nemi aikin a ɗakin karatu na Kashim Ibrahim, zai yi maka amfani fiye da rabin abin da aka rubuta kan kutse.

Hukumar yaƙi da manyan laifuka ta Birtaniya ta fitar da rahoto a 2017: matsakaicin shekarun waɗanda ake zargi da kutse 17 ne, da yawa daga maguɗin wasannin kwamfuta suka faro, kuma neman suna a cikin tsara ya fi kuɗi jan su. Karanta shi, amma kada ka ɗauko shi ka jibga wa Zariya. Yaron da ke jiran a kawo wuta, yana lissafin data, yana aron kwamfutar yayansa, wataƙila hanyarsa dabam ce. Gwadawa za ka yi.

Samun mutanen kuwa, wani ne zai haɗa ka da wani. Illar hakan, duk za su fito daga majalisa ɗaya. Saboda haka ka kama igiya daga wurare dabam: masu gyara a PZ da Sabon Gari, ɗaliban kimiyyar kwamfuta, ma'aikatan tsaron intanet a Kaduna da Abuja, da waɗanda suka gama zaman hukunci. Kada ka dogara da na ƙarshen kaɗai, su ne waɗanda aka iya kamawa. Rubuta kowace hira a daren da ka yi ta, ka bar abin da ka ji ya gyara tambayarka ta gobe, ka tsaya in sabuwar hira ta daina kawo sabon abu. Hanyar Glaser da Strauss ke nan ta 1967.

Saura amana, kuma a nan ba na sassauci. Dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta haramta shiga tsarin wani ba izini, ga kuma dokar kare bayanai ta 2023. Kasancewarka mai bincike ba zai hana hukuma neman takardunka ba. Samu amincewar kwamitin ɗa'a na jami'a kafin hirar farko. Kada ka rubuta sunan kowa ko unguwarsa, ka goge murya da zarar ka kwafe ta. Tun farko ka ce masa kada ya ambaci wanda ya yi wa, ko ranar, ko abin da yake shirin yi. Wanda bai kai 18 ba, sai da yardar iyayensa.

In kana son rarrabe gwani da mai kuri, kada ka ce ya gwada a kan kayan kowa. Akwai tsofaffin kwamfutoci biyu a bayan shago, haɗa su da juna, cire su daga intanet, ka ba shi ka kalli abin da zai fara dubawa. Ranar Asabar bayan La'asar ka zo da tambayoyinka, ka fara gwada su a kaina.