Gawon tsakiyar gona da kututturan sabara

Wani manomi daga yankin Ɗanbatta ya tambaya: "Malam, na gaji gona da gawo uku a tsakiyarta. Da damina ta faɗi sai su kaɗe ganye kamar matattu. In sare su in sami fili?"

Ɗan'uwa, don Allah ka ajiye gatarin nan. Lafiyarsu ƙalau, halin gawo ke nan. Yawancin itatuwan daji suna jiran ruwan sama su yi toho, shi kuwa a lokacin yake tuɓe ganyensa, ya tsaya da farin jiki da ƙaya. Sai kaka ta yi, ciyawa ta fara bushewa, sannan ya yi kore shar. Saiwarsa ce take nutsawa can ƙasa ta iske ruwa, shi ya sa rani ba ya damunsa.

Ka duba abin da wannan hali yake yi maka. Ganyen da ya zubar yana ruɓewa daidai lokacin da kake shuka, ga shi kuma ba inuwar da za ta tare wa gero rana. Gawo ɗan dangin wake ne, saiwarsa tana ƙara wa ƙasa sinadarin da kake saye a buhun yuriya. Da rani shanu da tumaki suna taruwa a inuwarsa don cin 'ya'yansa, waɗannan murɗaɗɗu masu ruwan goro, su bar maka taki su tafi. Bana ka je gindinsa a watan Agusta, ka gwada kaurin kara da tsawon zangarniya da na nesa da shi. Ni dai ban taɓa gajiya da kallon wannan da'ira ta gero mai duhun ganye da ke kewaye da gindin gawo ba.

In rassa sun sauko suna hana garma wucewa, ka datse na ƙasa kaɗai. Itacen da ya kamata ka mayar bakin iyaka shi ne darbejiya, don ita da ganyenta take damina, tana kuma danne shuka.

Wani kuma daga Matameye yana son sanin yadda zai yi da sabara da kalgo da ke tsirowa daga kututture duk shekara, ya ce ya gaji da ƙone su.

Malam, ka daina ƙonawa. Kututturen nan itace ne mai rai, saiwarsa ta girmi shukarka. Wajen sharar gona ka zaɓi tsiro uku zuwa biyar mafi ƙarfi da miƙewa, ka cire sauran, ka datse ƙananan rassan gefe daga ƙasa har zuwa rabin tsawon tsiron. Ka yi da adda mai kaifi, kana sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya yage. Wannan dabarar ce manoman Maraɗi suka runguma tun wajen 1983 tare da Tony Rinaudo, masanin aikin gona ɗan Ostareliya, ta bazu har Damagaram, aka farfaɗo da fili kimanin hekta miliyan 5 a Nijar. Shekarar farko ka kare tsiron daga awaki. Duk shekara kana iya cire ɗaya don itacen girki, ka bar mafi kauri ya zama bishiya.