Amsa kan na'urar "horar da ƙwaƙwalwa" da yaro mai farfaɗiya

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya ba yaron lafiya, Ya ƙara miki haƙuri. Tun da safe na ga tambayarki, na bari sai na taso daga aiki, don ba magana ba ce ta layi biyu. Kin ce ɗanki mai shekara 9 yana da farfaɗiya, yana kan magani, sai aka turo miki tallar wata na'ura da ake ɗaurawa a goshi, wai tana horar da ƙwaƙwalwa har a rabu da magani, wai kuma a wajen masu harba roka a Amurka aka gano ta. Kina neman asalin abin da kuma gaskiyarsa.

Ni ba likita ba ce. Aikina awon EEG, ni ce mai manna wa marasa lafiya wayoyi a ka, in ɗauko rubutun lantarkin ƙwaƙwalwarsu in miƙa wa likita ya karanta. Shekarata 11 a kan wannan kujera. Zancen roka da kika ji yana da tushe, amma masu talla sun yanke shi ne daidai inda ya yi musu daɗi. Bari in ɗauko miki daga farko.

Wani likita a Ingila, Richard Caton, shi ya fara nuna cewa akwai lantarki a ƙwaƙwalwa, a 1875, a kan zomaye da birai. Wanda ya ɗauko na ɗan Adam kuwa Bajamushe ne, Hans Berger, likitan taɓin hankali a garin Jena. Yana saurayi a aikin soja doki ya kayar da shi a gaban keken igwa, saura ƙiris a take shi. A ranar nan 'yar'uwarsa da ke can wani gari mai nisa hankalinta ya ƙi kwanciya, ta matsa wa mahaifinsu sai da ya aika telegiram a ji lafiyarsa. Wannan abu ya tsaya wa Berger a rai, ya ɗauka tunaninsa ne ya yi tafiya ya isa gare ta, ya shiga neman ƙarfin da ke ɗaukar tunani. Bai samu abin da ya fita nema ba. Abin da ya samu, ranar 6 ga Yuli 1924, shi ne rubutun lantarki daga kan wani yaro ɗan shekara 17 da aka yi wa aiki a ka. Saboda tsananin shakka, shekara 5 ya yi yana maimaita awon, har a kan ɗansa Klaus, kafin ya yarda ya wallafa a 1929. Duk da haka masana suka yi biris da shi, sai a 1934 da Edgar Adrian da Brian Matthews suka maimaita gwajin a Kambirij ta Ingila, Adrian ya zauna da wayoyi a kansa a gaban taron masana, kowa ya gani da idonsa.

Abin da suka gani kullum ina ganinsa, kuma har yau bai daina ba ni mamaki ba. Mutum yana kwance, in ce masa, "Baba, rufe ido." Kafin daƙiƙa biyu layukan da ke fitowa daga ƙeyarsa su jeru, suna hawa da sauka a tsare kamar sau 10 a daƙiƙa. In ce, "Buɗe ido." Nan take su watse. Ita ce igiyar da Berger ya sa wa suna alfa. Mai sauri fiye da ita beta ce, masu nawa kuma su ne teta da delta, waɗanda suka fi fitowa a gyangyaɗi da barci mai nauyi.

A 1935, a Boston ta Amurka, Frederic Gibbs da Hallowell Davis da William Lennox suka nuna irin rubutun da wata farfaɗiya take yi, mai bugawa sau 3 a daƙiƙa. Wannan ce ta fi taɓa ni a duk tarihin, saboda wata yarinya da aka taɓa kawo mana. Ba ta faɗuwa, ba ta kumfa. Ana cikin magana sai ta yi zuru, a gida a ce iskanci ne, a makaranta ta sha bulala kan rashin mai da hankali. Na ba ta takarda na ce ta yi ta hurawa, minti 3 muke sa su yi. Ba ta cika minti biyu ba hannunta ya sauka, idonta ya tsaya, allon gabana ya cika da wannan bugu. Na kira mata kalma ɗaya da ƙarfi, na ce "lemo". Bayan kamar daƙiƙa 10 ta dawo ta ci gaba da hura takardarta. Na tambaye ta me na ce, ta ce ba ta ji na yi magana ba. Mahaifiyarta tana tsaye a bayana, ta fashe da kuka. An ɗora yarinyar a kan magani, abin ya lafa. Don haka in wani ya ce miki igiyar ƙwaƙwalwa tatsuniya ce, bai sani ba.

Amma karanta igiya daban, horar da ita daban. Horarwar, wadda ake kira niyurofidbak, ta faro ne daga Joe Kamiya a Jami'ar Shikago wajen ƙarshen shekarun 1950. Ya riƙa kaɗa wa mutum ƙararrawa yana tambayarsa, yanzu kana cikin alfa ko ba ka ciki, yana gaya masa in ya dace. A hankali mutumin ya koyi ganewa, daga baya aka ga wasu suna iya ƙara alfar in ana jiyar da su wani sauti duk lokacin da ta fito. Da labarin ya fita a mujalla a 1968, Amurka ta ɗauka da zafi, aka cika kasuwa da ƙananan na'urori ana cewa alfa ita ce natsuwa da kwanciyar rai. Masu bincike da suka bi diddigi suka tarar yawancin masu horon ba sa wuce alfar da mutum yake samu in ya rufe ido kawai, kuma daɗin da suke ji yana bin abin da aka gaya musu za su ji. Kasuwar ta mutu, ta bar wa fannin tabo.

Sai zancen roka. Barry Sterman, a Los Anjelis, yana binciken barci a kan kyanwoyi a shekarun 1960. Ya lura idan kyanwa ta yi cak tana jira, wata igiya mai bugu 12 zuwa 15 a daƙiƙa tana fitowa daga sashen ƙwaƙwalwa mai kula da motsin jiki. Ya riƙa ba su madara duk lokacin da igiyar ta fito, suka koyi fito da ita da kansu. Bayan nan aka ba shi wani aiki na daban: akwai wani man roka mai guba da ke sa wa masu aiki da shi jijjiga, ana son sanin illarsa. Ya yi gwajin a kan kyanwa 50. Akasarinsu suka kama jijjiga cikin kamar awa ɗaya, amma wasu suka daɗe ba su yi ba, wasu ma ba su yi ba sam. Da ya koma takardunsa sai ya ga su ne guda 10 da ya taɓa horarwa. A 1972 shi da L. Friar suka wallafa labarin wata mata mai shekara 23 da farfaɗiyarta ta ragu ƙwarai bayan irin wannan horo. Iyakar abin da ya haɗa na'urar da roka ke nan.

Ina ganin girman aikin Sterman, ba na raina shi. Sai dai ki duba abin da ya biyo baya. Binciken da aka yi a kan masu farfaɗiya ƙanana ne, mutum kaɗan-kaɗan, galibi waɗanda magani ya kasa riƙe su gaba ɗaya, kuma horon ƙari ne a kan magani, a ɗakin bincike, zama bayan zama na tsawon watanni, ƙwararre yana kallon allo. Wayar ma a tsakiyar kai ake sa ta, inda igiyar take.

Nan ne aikina ya sa ba na sakin jiki da abin ɗaurawa a goshi. Lantarkin da muke ɗauka bai fi kashi 10 zuwa 100 cikin miliyan na bolt ɗaya ba, alhali batirin tocila bolt ɗaya da rabi ne. Mu da muke auna kai da tef, mu goge fata, mu manna waya 21 da man da aka yi don haka, kullum cikin faɗa muke da abin da ba ƙwaƙwalwa ba. Yaro ya ƙifta ido, layukan gaba su yi tsalle. Ya cije haƙori ko ya ɗaure fuska, allo ya yi baƙi. Man kitso ya hana waya kamawa. A tayar da janareta ko wani ya jona caja kusa da gado, bugun wutar gari mai 50 a daƙiƙa ya shigo ya rufe komai. Goshi kuwa nama ne mai motsi, ga ido a ƙasansa. Na'ura mai waya biyu ko huɗu a wurin, a ɗaki ba mai duba ta, sau da yawa motsin fuskar yaro za ta riƙa ba wa lada.

Inda aka fi gwada horon da kyau shi ne a kan yara masu rawar kai da kasa tsayar da hankali, aikin da Joel Lubar ya fara a Jami'ar Tennessee a 1976. Iyaye da dama sun ce sun ga sauyi, kuma ban ƙaryata su ba. Amma a wani babban gwaji a Amurka da aka wallafa a 2021, an raba yara 144 masu shekara 7 zuwa 10 gida biyu, wasu ana ba su horon gaske, wasu kuma allon yana nuna musu rubutun da ba na ƙwaƙwalwarsu ba, ba yaro ba iyaye ba wanda ya san ɓangarensa. Bayan zama kusan 40 duka ɓangarorin suka samu sauƙi, kuma ba a ga wani bambanci na a zo a gani ba. A 2017 an yi makamancinsa a kan manya a Tübingen ta Jamus, sakamakon ya zo haka. A fahimtata, yaron da ake zaunar da shi sau da yawa a mako, babba yana kula da shi yana yaba masa, dole ya canza, ko da wayar ba ta ɗauko komai.

To a rawar kai, in abin bai yi ba, kuɗi ne suka tafi. A farfaɗiya ba haka ba ne, kuma wannan ne ya sa na zauna rubuta miki duk wannan. Kalmar "a rabu da magani" ita ce ta tayar min da hankali. Yanke maganin farfaɗiya farat ɗaya yana iya jawo jijjigar da ba ta tsayawa, wata na bin wata yaro bai farfaɗo ba. Na taɓa turo na'urata ɗakin gaggawa don wani yaro da ya shekara ɗaya da rabi lafiya lau, aka ce wa mahaifinsa ga wata hanya, ya ajiye ƙwayar. Kwana 4 aka yi. Ya rayu, alhamdu lillahi, amma ban manta fuskar uban a bakin ƙofa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 70 cikin 100 na masu farfaɗiya za su iya rayuwa ba jijjiga in sun samu maganin da ya dace. Yara da yawa kuma ana raba su da maganin, amma likita ne yake yi, galibi bayan kamar shekara 2 ba ta tashi ba, a rage kaɗan-kaɗan cikin makonni ko watanni, sau da yawa bayan an sake awo.

Idan abin da ke damunki shi ne maganin yana sa shi barci ko ya dusashe masa karatu, wannan ƙorafi ne na gaske, ki kai wa likitansa, akwai canjin magani da canjin adadi. Ki tafi da tallar a wayarki ki nuna masa. In jijjigar ta zo, ki kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali ko wani abu a baki, wani ya ɗauki bidiyo ya duba agogo, in ta wuce minti 5 a nufi asibiti. In aka ba ku ranar awo, a wanke masa kai da sabulu a daren, kada a shafa mai, ya ci abinci, kuma ya sha maganinsa kamar kullum sai in likita ne ya ce a tsaya. Allah Ya ba shi lafiya mai ɗorewa.